Fatar Cinya a Goshin Liman

Duk lokacin da aka turo mana sababbin ma'aikata, idan aka zo rabon aiki aka ce wance ɗakin wankin ciwo, sai in ga ta yi murmushi. A ganinta hutu aka ba ta. Kwance bandeji, goge, mayar da bandeji. Wata ma ta taɓa ce mini, "Hajiya, wannan ai ko a gida ana yi." Ban yi mata musu ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da na fito daga makarantar jinya da takardata a hannu. Yanzu na haura shekara ashirin a wannan ɗaki, daga Ƙanƙara zuwa Faskari zuwa Sabuwa, kuma har yau ba zan ce na gama iya shi ba. Abin da zan faɗa muku iyakar abin da na gani ne. Ni ba likita ba ce, kuma mai yiwuwa wani wuri na fahimta ba daidai ba.

Mafi wuya a cikin abin da ke shigowa ɗakin nan shi ne dashen fata. Idan ciwon daji ya kama fatar mutum, likitocin babban asibitin birni sukan yanke wurin gaba ɗaya, har da ɗan abin da ke kewaye da shi. Ramin da ya rage ba ya haɗuwa da ɗinki, sai su fere fata siririya daga cinyarsa su shimfiɗa a kai. Wannan fata ba ta zo da jininta ba. Kwanakin farko tsotso take yi daga naman da ke ƙarƙashinta, kafin ƙananan jijiyoyi su tsiro su kama ta. Bayan an sallami mutum ma ba ta gama ƙarfi ba, sai ta yi makonni. A waɗannan makonnin likitan da ya yi tiyatar yana can nesa. Ke mai wankin ciwo, ke ce a kusa.

Dashen farko da na gani na wata mata ce daga Pauwa. Tana ƙarama ta ƙone a ƙwauri, tabon ya zauna shekaru, daga baya ya fashe ya zama gyambon da ba ya warkewa, aka auna aka ce daji ne. Lokacin ina Ƙanƙara a ƙarƙashin Baba Tanko, wani tsohon mai wankin ciwo da bai yi rabin karatuna ba. Na sa safar hannu na kama bakin bandejin zan ja, sai ya riƙe mini hannu.

"Ina za ki, Malama? Mota ke jiran ki?"

Ya ɗauko ruwan gishirin asibiti ya jiƙa bandejin, ya ja kujera ya zauna yana tambayar matar labarin damina. Sai da ƙyallen ya sha ruwa ya saki da kansa, sannan ya ɗaga shi da hantsaki, a kwance, yana bin fatar, ba ya cira sama. Ya ce da na ja yadda na yi niyya, da rabin aikin likita ya biyo bandejin. Ya nuna mini launin: wurin da ya yi ja-ja mai haske ya kama, wurin da ya yi toka-toka a sa masa ido, baƙi kuwa ya tafi. Ya danna gefe da kan auduga a hankali, wurin ya yi fari, ya saki, jan ya dawo. "Kin ga? Jini ya san hanya."

Kayan aikinsa ba su da yawa, kuma har yau su nake amfani da su: hantsaki biyu, almakashi mai dakusasshen baki, kwanon ƙarfe, auduga, ƙyallen nan mai maiƙo da ba ya manne wa ciwo, bandeji da filasta. Hantsaki ɗaya na cire mai datti ne, ɗaya na sa mai tsabta, kuma ba sa haɗuwa. Ranar da wutar lantarki ba ta nan a tukunya muke dafa su. Sai hanci, wanda ba a lissafa shi a makaranta. Baba Tanko yakan ji warin ciwon da ya fara lalacewa tun bandejin yana rufe.

A iya sanina, abin da ke kashe dashe ba shi da yawa, amma kowanne yana da ƙofofi. Jini ko ruwa ya taru a ƙarƙashi ya ɗaga fatar. Ƙwayar cuta ta shiga ta kawo mugunya. Ko fatar ta goce, ko da kaɗan ne, jijiyoyin da suka fara kamawa su tsinke. Sai kuma jikin mutumin kansa. A Faskari na yi wani direba mai dashe a bayan kunne, kullum yana rantsuwa ya bar taba, kullum ina jin ta a rigarsa. Nasa ya ƙi kamawa da kyau. Ba zan iya rantsewa tabar ce kaɗai ba, amma likita ya ce tana matse jijiyoyi, kuma na ga irin haka fiye da sau ɗaya. Masu ciwon suga ma nasu yana jinkiri, haka wanda ba ya samun abinci mai gina jiki.

Wata yarinya kuma, dashenta ya kama kamar a ɗauki hoto. Bayan kwana uku ta dawo wurin ya yi bororo. Ashe kakarta ce ta ga ciwo kwana da kwanaki ba a gasa shi ba, ta tafasa ruwa ta sa tsumma. Ba mugunta ba ce. A wurinta ciwon da ba a gasa ba sakaci ne, kuma ba wanda ya gaya mata sabuwar fata ba ta jin zafi balle yarinyar ta yi ƙara. Wasu garin kafso suke barbaɗawa, wasu man shanu. Tun daga nan nake tambayar wa ke kula da mutum a gida, in ce a zo mini da shi.

Amma wanda nake so ku riƙe shi ne na Malam Ilu, domin a nan kuskuren nawa ne.

A Sabuwa ne, shekarar da aka datse layin waya saboda 'yan bindiga. An rufe wasu kasuwanni, an taƙaita hawa babur, hanya kuwa wata rana a bi, wata rana a ce kada kowa ya fita. A da idan ciwo ya ba ni shakka nakan ɗauki hotonsa in tura wa likitan da ya yi aikin. Wannan shekarar babu wannan. Abin da idona ya gani shi ke nan.

Malam Ilu zabiya ne, manomi, kuma limamin masallacin ƙauyensu, tafiyar wajen awa biyu a ƙafa daga gari. Rana ta daɗe tana cin fatarsa a gona, har wani ƙurji ya fito masa a tsakiyar goshi ya ƙi warkewa. An yanke a birni, an dasa fatar cinya, faɗinta ya kusa tafin hannun jariri. Ya zo mini da takardar sallama bayan kwana goma, dashen ya kama kusan duka. Na wanke, na rufe, na yi masa bayani: kada ruwa ya taɓa, kada rana ta taɓa, kada ya sosa. Ina maganar ina kallon goshin, kuma na san sarai abin da goshin liman yake yi sau biyar a rana. Amma dattijo ne sa'an mahaifina, malami, ni kuwa mace ce da ba ta kai shi sanin addini ba. Sai na ce, "Malam, in da hali, a ɗan riƙa kiyaye wurin, kada a cika matsa shi."

Ya ce, "To, ɗiyata. Allah shi yi albarka."

Zuwa na biyu na ga gefen sama ya ɗan yi bororo. Na ce wataƙila bakin hula ne, ya bar sa hula. Zuwa na uku na ga abin da ba ya buƙatar wataƙila: saƙar tabarma ta fito ɓaro-ɓaro a jikin filastar, da 'yan ƙwayoyin yashi a maƙale. Fatar ta ɗan goce sama, ta yi tattara kamar rigar da ba a goge ba. Ko a ranar ban faɗi kalmar sujada ba. Na ƙara kaurin auduga, na ce a dai ƙara lura. Na gaya wa kaina audugar za ta tare.

Sai hanya ta rufe. Kwana tara bai zo ba. Ranar da ya shigo, tun daga ƙofa na ji warin. Tsakiyar dashen ta zama toka ta narke, mugunya a ƙarƙashi. Gefe-gefe kaɗai ya tsira. Na yi kusan mako uku ina wanke shi har naman ya yi ja mai tsabta, na rubuta takarda, ya bi ayarin motoci ya koma birni.

Ya dawo da sabon dashe daga ɗaya cinyar, da wasiƙar likita. Likitan ya rubuta cewa dajin dai an cire shi, amma naman da ya rage a kan ƙashin goshi ya yi siriri ƙwarai. Idan wannan ya lalace, babu abin da fata ta uku za ta kama, sai babbar tiyata wadda ba lallai a samu yi masa nan kusa ba. Ya ja layi a ƙarƙashin maganar kada wurin ya gogu ko ya dannu, mako huɗu zuwa shida.

Ranar tare suka zo da wansa, Alhaji Mamman, mai sayar da hatsi a cikin gari. Na karanta wasiƙar sau uku. Na gama wankin, na cire safar hannu, na ja kujera na zauna, abin da ban saba yi ba.

"Malam, ina da tambaya, a gafarce ni. Wancan karon, sujada kake yi a kansa?"

Ya dube ni da idanunsa masu rawa irin na zabiya. "To a kan mi zan yi ta? Goshi biyu gare ni?"

"Ai na ce a kiyaye."

"Kin ce in da hali. Na duba, babu hali."

Alhaji Mamman ya fashe da dariya har yana buga sanda. "Kin ji shi ko? Haka yake tun yana yaro. In kika bar mashi ƙofa ko ta ɓera ce, sai ya bi."

Na ce, "Laifina ne, Alhaji. Ban faɗa yadda ya kamata ba." Sannan na juya ga Malam. Na fara cewa na ji malamai suna cewa marar lafiya yana iya yin nuni da kai, ba sai ya kai goshi ƙasa ba. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ɗiyata, ni nake karantar da wanga babi. Nuni na san shi, shafa a kan ɗauri na san shi. Amma mai nuni ba ya jan masu sujada. In na yi nuni, sai in koma baya, na'ibi ya shiga gaba."

"Na 'yan makonni ne kawai."

"Ke kika ce." Ya gyara zama. "Kin san abin da aka faɗa ranar da aka sa ni gaba? An ce zabiya ko alƙibla ba ya gani, ina shi ina limanci. Masu faɗin haka ba su mutu duka ba, wasu suna sahun farko. Shekara da shekaru ban taɓa bari an tada salla ba ni ba, sai tafiyar nan ta asibiti. Na'ibin nan kuwa ya yi karatu a birni, ga murya. In na ja baya wata guda da rabi ina zaune ina kallo, wa ya ce maki zan tarar da wurin?"

Ban san mutanen ƙauyensu ba. Abin da na sani shi ne abin da ke ƙarƙashin bandejin.

Na ce, "Malam, wurin liman ban san yadda zai kasance ba. Amma in goshin nan ya sake taɓa ƙasa kafin in ce, fatar za ta mutu. Ƙarƙashinta ƙashi ne. Ba sauran ta uku."

Alhaji ya daina dariya.

"Mako nawa?"

Bakina ya ɗauko "huɗu zuwa shida, ya danganta." Na haɗiye. Na ce, "Shida."

"Ko da matashi mai laushi?"

"Ko da matashi."

"Ko Juma'a kaɗai?"

"Ko Juma'a."

Alhaji Mamman ya ce, "Kai Liman, ka bar ciniki, ba kasuwa muke ba. In ka koma ƙauye, ladan na kiran salla ƙafarka za ta kai ka gaba, na san ka. Gidana za ka zauna. Ga ɗakin zaure nan, ga Malama kusa, ba ruwanka da hanya."

Malam Ilu ya juya ga wansa. Sannan ya ce, "A aika wa na'ibi."

Sauran aikin na kullum ne, irin wanda kuke rainawa. Duk bayan kwana biyu yana zuwa da hantsi, cikin malafa mai faɗi da muka sa aka sassauta mata baki don kada ta taɓa bandejin. Na ce ya riƙa kwana rigingine, kai a bisa matashi biyu. Kada ya sunkuya ɗaukar buta ko takalmi, domin sunkuyo yana tara jini a kai. Maganar alwala na ce ni dai ruwa kada ya kai wurin, shi ya san yadda ya yi da hukuncin. Uwargidan Alhaji ta hana shi ƙwai da nono, wai suna sa ciwo ruwa. Na bi ta gida da kaina na roƙe ta, na ce ni ban taɓa ganin haka ba, kuma jiki ba ya gina fata da kunu kaɗai. Ta yarda da ƙwai da wake, nonon dai ta ƙi, na bar ta. Cinyar da aka fere ta fi goshin damun sa da zafi, kamar yadda takan yi wa kowa, kuma ita ma tana son nata wankin. Kada ku manta da ita don ba ita ake kallo ba.

Duk zuwa, kafin in jiƙa bandejin, sai na duba fuskar filastar a hasken taga. Ya lura. Wata rana ya ce, "Duba da kyau, 'yar sanda. Ko ƙura ba za ki samu ba." Ban samu ba.

A mako na uku wani wuri a gefen hagu, kamar ƙwayar dawa, ya fara tsattsafo da ruwa. Babu wari, babu zafi, launin kewayensa ja mai kyau. Na kasa tantancewa ko farkon lalacewa ne ko ɗan gurbin da bai rufe ba. Babu wayar da zan kira. Na auna shi da bakin hantsaki na zana girmansa a katinsa, na koma wanke shi kullum. Kwana huɗu yana nan yadda yake. Na biyar ya ragu. Kafin mako ya cika ya rufe. Har yau ban san ko abin da na yi ne ko dama zai rufe ba.

Ranar da mako shida ya cika an samu cunkoso, sai bayan azahar na kai kansa. Na cire ɗaurin ƙarshe. Fatar ta kwanta sumul, ta ɗan fi sauran goshin ja, gefenta ya haɗe da tsohuwar har farce ba zai sami bakinta ba. Na danna, ta yi fari, na saki, jan ya dawo nan take. Na tura ta gefe a hankali da yatsa, ta tafi tare da naman ƙarƙashinta. Na yi masa bayanin man da zai riƙa shafawa, da malafa kullum, da cewa duk ƙurjin da ya wuce mako biyu bai warke ba, a ko'ina a jikinsa, ya zo kada ya jira.

Ya ce, "Jiya mutanenmu sun zo gaishe ni. Dattawa uku."

"Madalla."

"Sun ce in huta sosai. Kada in yi gaggawa ko kaɗan. Sun ce salla tana tafiya lafiya lau." Ya ɗan yi murmushi. "Sau uku suka faɗa. Kin san ma'anar wannan."

Na sani: sun bar wa na'ibi limancin ke nan. Alhaji Mamman, da ke zaune a bakin ƙofa, ya ce shi zai je ya ga mai unguwa. Malam ya ce ya bari.

"To, Malama. Ni dai na cika alkawari. Goshin fa?"

Na ce, "Ka iya. A hankali, a kan abu mai laushi, kada ka goga."

"Yau?"

"Yau."

"Ban yi azahar ba. Akwai tabarma?"

Na ɗauko dardumata daga bayan ƙofa, na ninka tawul mai tsabta na ajiye a inda goshi zai sauka. Ya ce da alwalarsa. Na matsar da teburin kayan aiki, Alhaji ya daidaita masa fuska gabas, ya tada kabbara a tsakanin gadon wanki da kwandon shara. Bai kamata in tsaya ina kallon mai salla ba, amma na tsaya. Da ya kai goshinsa ƙasa ya daɗe bai ɗago ba, har Alhaji ya yi gyaran murya.

Da ya sallame ya juyo a zaune ya ɗaga mini fuska. "Duba."

Na sa safar hannu na duba a hasken taga. Wurin ya ɗan ƙara ja, babu bororo, babu tattara, babu inda ya goce.

"Tana nan, Malam."

Ya shafa addu'a, ya miƙe, ya ɗauki malafarsa ya ɗaure igiyar a haɓa.

"Yaya, tashi ka nemo mani motar da za ta fita gobe da sahe. In sami sahun farko, daidai bayan na'ibi. Yaron yana da murya, amma yana sauri a karatu. In ya tsallake aya, ai sai da mai gyara."